Yadda Za a Shirya wa Lissafi a Jarrabawar Ɗaukar Aiki

Wani mai sauraronmu daga Gusau yana tambaya: yaya zai shirya wa ɓangaren lissafi a jarrabawar shiga aikin kwastam?

To Malam, yawanci lissafin sakandare ne, sai dai lokaci ke yin kaɗan. Ka fi mayar da hankali kan kaso cikin ɗari, riba da faɗuwa, rabo, da gudu da nisa. Misali, buhun da aka saya naira 40,000 aka sayar 50,000, ribarsa kashi 25 ne, domin da kuɗin saye ake aunawa. Ka haddace jadawalin sau, ka riƙa gwada tsofaffin tambayoyi a kwamfuta kana duba agogo. Wadda ta cije, tsallake ta, ka dawo daga baya. Allah ya ba da sa'a.