Ɗana, Kafin Ka Sayi Kayan Sauti

Ɗana, mahaifiyarka ta shaida mini ka kwashi adashinka, kana so ka sayi kayan sauti ka riƙa ba da haya a wurin walima da saukar karatu da ƙananan bukukuwa. Na yi murna, Allah ya sanya albarka. Sai dai ta ce ba ka da zance sai na wata amfilifaya mai wat 5,000 da ka gano a Sabon Gari. Wannan ne ya sa na ce gara in yi maka magana tun kuɗin suna aljihunka.

Ni ma lambar jikin kwali ce ta fara cin kuɗina. Ina saurayi kamarka wani mai shago ya nuna mini amfilifaya, an rubuta dubbai a jikinta da manyan jajayen lambobi, na biya ko ciniki ban tsaya yi ba. Aikina na farko ɗaurin aure ne a ƙofar wani gida. Na jona mata lasifika huɗu a gefe ɗaya, na murɗa ƙara har ƙarshe. Liman yana tsakiyar addu'a sai warin ƙonewa ya tashi, sauti ya ɗauke ɗif. Da baki aka ƙarasa fatiha. Kunyar ranar ta fi mini asarar kuɗin ciwo.

Kafin ka tambayi farashin komai, ka tambayi kanka aikin da za ka fi samu. Idan wa'azi ne da tafsiri da taron unguwa, abin da jama'a ke bukata shi ne su ji kowane harafi ya fita tas. Lasifika biyu masu inci 12, ka ɗora su a kan sanda, sun wadatar da taron zaure ko ƙofar gida. Idan kuwa kamu ne da wasan amare, inda ake son kiɗa ya bugi ƙirji, sai ka nemi masu inci 15, in hali ya samu daga baya ka ƙaro ta bes mai inci 18. Ita kuwa mai bakin kakakin nan da ake ɗaurawa a hasumiyar masallaci, irin ta Ahuja ta Indiya ko TOA ta Japan, gwanar kai murya nesa ce da 'yar wuta kaɗan, amma ka sa mata kiɗa ka ji kamar ana kaɗa gwangwani.

Mu dawo kan wat ɗinka. Lambar da za ka nema ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, wato ƙarfin da na'ura za ta iya ɗauka ko bayarwa ta daɗe tana aiki ba ta galabaita ba. Wadda aka rubuta wa PMPO kuwa ado ce ta 'yan talla, kada ka ɗora lissafi a kanta. Sannan ka sani wat ba shi ne ƙara ba. Idan ka ninka wat sau biyu, disibel 3 kacal ka ƙara, abin da kunne zai ji ya ɗan motsa. Kafin mutum ya ce sautin nan ya ninka, sai ka ƙara wajen disibel 10, wato ka ninka wat sau goma. Akwai wata 'yar lamba da samari ba sa dubawa, mai nuna ƙarar da lasifika ke fitarwa in an ba ta wat 1 aka auna daga nisan mita 1. Mai disibel 98 da mai 95 za ka ga kamar ba su da bambanci, alhali abin da ta farko za ta yi da wat 200, ta biyu sai ta ci 400. Wannan bambanci a man janaretarka zai fito.

Daga nan sai haɗa aure tsakanin lasifika da amfilifaya, kuma a nan ne yawancin kaya ke mutuwa. Mutane suna ɗauka babbar amfilifaya ce kaɗai ke ƙona lasifika. Ƙaramar ma tana yi, har ta fi yawan yi a hannun sabon shiga. Idan ƙarfinta ya gaza ka ci gaba da murɗawa, sautin yakan fito a tsage, jar fitilar nan da aka rubuta wa CLIP ta kama ci, kafin ka ankara 'yar siririyar lasifikar sama, wadda muke ce wa tiwita, ta ƙone. Abin da masu sana'a suka saba bi shi ne amfilifaya ta fi lasifika ƙarfi da kamar rabi zuwa ninki ɗaya. Lasifika mai wat 300 RMS, ka nema mata gefen da ke ba da 450 zuwa 600, sannan ka riƙe hannunka, kada jar fitila ta zauna.

Sai batun om, wanda shi ya kunyata ni a ɗaurin auren can. Ka ɗauki amfilifaya kamar ɗan dako: duk lokacin da lambar om ta yi ƙasa, kayan da ke kansa sun ƙara nauyi. Yawancin lasifikun aikinmu om 8 ne. Ka jona biyu a gefe ɗaya, daga wannan zuwa waccan kamar yadda aka saba, sun koma 4. Ka jona huɗu, sun koma 2. Amfilifaya da yawa kuwa an rubuta a bayansu cewa kada a sauko ƙasa da 4. Juya ta ka karanta. Ka kuma lura, wat ɗin da take bayarwa a om 4 ya fi wanda take bayarwa a om 8, mai shago kuma babbar lambar zai faɗa maka.

In lissafin nan ya yi maka yawa, akwai lasifikun da amfilifayarsu ke cikinsu, irin na Yamaha da JBL da Behringer. Kamfani ya gama haɗa auren, kai dai ka kawo mikisa da makirufo. A ganina su suka fi dacewa da mai farawa, sai dai kowace tana son wayar wutarta, kuma in ta lalace ba kowane mai gyara ke iya taɓa ta ba. Ka fara sanin mai gyaran kafin ka sayi kayan.

Kada ka zuba kuɗinka duka a akwatuna. Ka ware na janareta mai ƙarfin da ya zarce bukatarka, domin ƙaramar nan ta ɗakin gwauro ba za ta ja bes ba. Bugu ɗaya na kiɗa sai ka ji ta durƙusa. Ka sayi wayoyi masu kauri, ka sayi makirufo ɗaya na kirki. Amfilifaya ita ce ta ƙarshe wajen kunnawa, ita ce ta farko wajen kashewa. Lokacin hunturu ka riƙa kaɗe mata ƙura daga fanka, kada kuma ka bar ta a rana.

A wurin taro ka ɗaga lasifika sama da kawunan mutane, ka ajiye ta gaba da mai magana, tana kallon jama'a. Kukan nan mai tsaga kunne yana zuwa ne idan makirufo ya tsaya a gaban lasifika. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka sauti yana raguwa da disibel 6, don haka kada ka kurmantar da dattawan sahun gaba saboda na baya. Ƙara wata lasifika a tsakiya ya fi. Ka kuma tuna akwai marar lafiya da jinjiri a bayan katangar da ka jingina kayanka. Mai kayan sautin da unguwa ta tsana ba ya daɗewa yana samun aiki a cikinta.

An ce gani ya kori ji, amma a sana'ar nan ji ne ya kori gani. Ko sabo ne ko na hannu, kada ka biya sai an kunna maka. Ranar Asabar ka biyo ta gida mu tafi kasuwar tare. Ka zo da karatun da kunnenka ya saba da shi a wayarka, ka bar rabin kuɗin wurin mahaifiyarka.