Haƙoran Nono Masu Tsaron Wuri Ne

Iyaye da yawa sukan ce, "Ai haƙorin nono ne, zai faɗi." Gaskiya ne zai faɗi, amma yana da aikin yi kafin ranarsa ta zo.

Yaro yakan fara haƙori wajen wata 6, kafin ya cika shekara 3 yana da guda 20. Kowannensu yana riƙe wuri domin babban haƙorin da ke girma a ƙarƙashinsa. Na gaba su ne farkon famfara, wajen shekara 6 ko 7. Turamen baya kuwa sai shekara 10 zuwa 12. To, idan alawa da lemon kwalba suka ruɓar da turmi har aka cire shi a shekara 5, na bayansa sai ya matso ya cinye gurbin. Sa'ad da babban ya zo fitowa babu wuri, sai ya karkace ko ya hau kan ɗan'uwansa. Gyaransa daga baya da waya ake yi, yakan kai shekara 2, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin yawancin manomanmu.

Akwai wanda yakan ruɗa iyaye. Wajen shekara 6 wani turmi yakan fito can baya, ba tare da wani ya faɗi ba. Wannan ba na nono ba ne. In ya tafi, ba shi da magaji. Ku buɗe bakin yaronku cikin hasken rana ku neme shi, ku tabbata asuwaki ko buroshi yana kai masa safe da dare.

Tsotsar yatsa bayan shekara 4 tana tura haƙoran sama waje. A hana da lallashi, ba da duka ba. Wushiryar ɗan shekara 8 kuwa kada ta dame ku, sau da yawa takan rufe in fiƙoƙi suka fito.

Ƙungiyar likitocin daidaita haƙora ta Amurka tana ba da shawara a duba kowane yaro kada ya wuce shekara 7, lokacin da muƙamuƙi bai gama girma ba. Daga Furfuri, Bungudu ko Tsafe, akwai sashen haƙori a Asibitin Tarayya da ke Gusau. Idan yaro ya rufe baki kuka ga haƙoran ƙasa sun sha gaban na sama, ko turmi ya yi rami, ku kai shi a wannan watan, kada ku jira bayan girbi.