Haƙƙin Yaro: Daga Madina Zuwa Janiba Da Dutse

 

Ya 'yan'uwa, duk wanda ya ga ambaliyar da ta rushe gidaje a ƙasar Kafin Hausa a 2022 ya san cewa in masifa ta sauka, yaro ne ke fara jin jiki. To, abincin da ake miƙa masa a irin wannan hali, alfarma ce ko haƙƙi?

Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, ya yanka wa yara rabo daga Baitulmali, amma sai an yaye su. Wani dare a Madina ya ji jariri yana ta tsala kuka. Da ya bincika, ashe uwar ce ke gaggauta yaye shi domin ya shiga cikin masu rabo. Gari na wayewa Halifa ya soke wannan sharaɗi, ya mai da rabon ga kowane jariri tun daga haihuwa. A lura, bai ɗora wa uwar laifi ba, dokarsa ya gyara.

A Turai kuwa, sai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya maganar ta kankama. A 1919 wata Baturiyar Ingila, Eglantyne Jebb, da 'yar'uwarta suka kafa ƙungiyar Save the Children domin ciyar da 'ya'yan Jamus da Ostiriya, watau 'ya'yan abokan gaba. Har tarar fam 5 aka ci ta saboda raba takardu masu hoton yaran da yunwa ta rame. Ita ce ta tsara sanarwar haƙƙin yara wadda Majalisar Ƙawancen Ƙasashe ta karɓa a Janiba a 1924. Aka kafa UNICEF a 1946, sa'an nan a 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar haƙƙin yara, Nijeriya ta tabbatar da ita a 1991.

Dokar tarayya ta 2003 ta daɗe tana shan muhawara a Arewa, musamman kan shekarun aure, har sai a 2021 Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa hannu a kan dokar kare yara ta Jihar Jigawa a Dutse. Muhawarar tana da dalilinta. Amma da yawa daga masu yin ta ba su karanta sashe na 20 na yarjejeniyar 1989 ba, inda aka ambaci kafala ta shari'ar Musulunci da sunanta, a matsayin hanyar riƙon yaron da ya rasa kulawar iyaye. A kafala ana ciyar da maraya, a tufatar da shi, a karantar da shi, ba tare da an cire masa sunan mahaifinsa ba.