Yadda Ake Zaman Malamai Don Koya Wa Yara Fahimtar Abin Da Suka Karanta

A yawancin makarantunmu na firamare darasin karatu salo ɗaya gare shi: malam ya faɗa, aji ya amsa. Mai wucewa ta bayan taga sai ya ɗauka kowa ya iya. Amma ka ware yaro ɗaya ka tambaye shi wa ya yi me a labarin da ya gama rerawa, sai ya sunkuyar da kai. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 89 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. Duk malamin aji uku ya san fuskokin waɗannan yaran.

An yi ƙoƙari, ba a ce ba a yi ba. Shirin Mu Karanta ya yi aiki a Bauchi da Sakkwato, RANA a Katsina da Zamfara, KaLMA a Wudil da Dawakin Tofa. Sai dai kowane shiri yana da ranar tashi, malami kuwa yana nan da ajinsa. Bitar kwana uku a babban birnin jiha ba ta sauya abin da hannu ya saba shekara goma. Abin da na ga yana sauya shi shi ne malaman makaranta ɗaya su riƙa zama a kai a kai, suna gwada darasi a gaban juna. Ga yadda ake yi.

Mataki na farko: ku tsayar da rana

Sa'a ɗaya a mako, bayan an tashi yara. Ku guji Juma'a. A rubuta ranar a jadawali, hedimasta ya sa hannu.

Mataki na biyu: ku taƙaita yawan mutane

Malamai huɗu zuwa takwas sun isa, na aji ɗaya zuwa huɗu. In makarantar ƙarama ce ku haɗa da maƙwabciyarku. Shugabancin zama ya riƙa zagayawa, har sabuwar malamar da ta fito daga kwaleji bana ita ma ta riƙe. Hedimasta ya zauna a matsayin malami. Ranar da zaman ya koma wurin maganar albashi, kuɗin jarrabawa da faɗa kan makara, ya mutu ke nan. Waɗannan maganganu suna da nasu taron.

Mataki na uku: ku san inda yaranku suke

Kafin zama na biyu kowane malami ya saurari yaransa ɗaya bayan ɗaya, minti ɗaya ko biyu kowane yaro, goma a rana har ya gama. Ya rubuta haruffa goma, kalmomi biyar da labari mai layi huɗu a kwali. Yaron da ya tsaya a haruffa a rubuta, wanda ya kai kalma a rubuta, wanda ya karanta labarin a yi masa tambaya biyu. Kada ku yi amfani da shafin da aka riga aka koyar, domin yaranmu gwanayen hadda ne, za su kawo shi daga ka.

Wannan jeri zai nuna muku abu guda mai muhimmanci. Yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali ba yana buƙatar wannan aikin kullum, amma ba a jira sai ya iya kafin a fara koya masa fahimta. Da kunne zai fara: malam ya karanta, shi ya saurara ya yi tunani. Masu cewa a bari sai aji huɗu suna ɓata wa yara shekara uku.

Mataki na huɗu: ku zaɓi labari

Ya zama da Hausa, gajere, kalmomi 60 zuwa 100 ga aji biyu da uku, kuma a samu wani da ya shiga matsala a ciki. Jerin jimloli irin na "wannan akuya ce, wannan tunkiya ce" ba ya haifar da tambaya. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi suna da kyau. Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya dace da karantawa a bayyane ga 'yan aji biyar da shida, amma jimlolinsa sun yi wa ƙanana tsawo. In ba ku da littafi ku rubuta naku, kuma shi na fi so, domin za ku sa rijiyar garinku da kasuwarku.

A rubuta a kwali da maka baƙa mai kauri, ba ja ba, ba kore ba, don na bayan aji ba sa ganinsu. Kwali da maka ba su da wani tsada, karo-karo kaɗan ya isa zango guda. Bayan tsohuwar kalanda ma yana yi. Gargaɗina a nan shi ne haruffa masu lanƙwasa. Wanda ya rubuta "kafa" yana nufin "ƙafa", ko "daki" yana nufin "ɗaki", ya sa wa yaro tarko da hannunsa. Wani malami ya duba kwalin kafin a shiga da shi aji.

Mataki na biyar: ku rubuta tambayoyi tare

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata rabin lokacinku ya tafi. Mu ɗauki wannan labari:

"Talatu ta tashi da sassafe ta ɗauki tulu ta nufi rijiya. Da ta isa sai ta tarar layi ya kai bakin masallaci. Ta ajiye tulunta a bayan na Ladi ta zauna. Da rana ta ɗaga sai ta ji an kaɗa ƙararrawar makaranta. Ta dubi tulu, ta dubi hanya. Ladi ta ce mata, 'Tafi abinki, ni zan kai wa Inna.'"

In ka ce malamai su kawo tambayoyi, na farko da za su zo su ne: Me Talatu ta ɗauka? Ina ta nufa? Me ta tarar? Waɗannan tambayoyi ne na fili, amsarsu tana kwance a layi ɗaya. Suna da amfani, amma biyu sun isa. Yaro mai wayo yana iya amsa su ba tare da ya fahimci komai ba: ya nemi kalmar "ɗauki" ya faɗi wadda ke bin ta. Yawancin tambayoyin da ke ƙarshen darasi a littattafai irin waɗannan ne, shi ya sa ban yarda a kwafe su kai tsaye ba.

Iri na biyu su ne tambayoyin da amsarsu ba ta rubuce, sai an haɗa wuri biyu. Me ya sa Talatu ta dubi tulu ta dubi hanya? Babu layin da ya faɗa. Sai yaro ya haɗa ƙararrawa da dogon layi, ya gane tana tsakanin ɗebo ruwa da makara. Talatu ta daɗe a rijiya ko ba ta daɗe ba? Sai ya haɗa "sassafe" da "rana ta ɗaga". Me Ladi za ta kai wa Inna? Ba a ambaci ruwa ko sau ɗaya a labarin ba, amma wanda ya fahimta zai faɗa. Waɗannan su ne zuciyar darasin. Ku nemi uku, kuma ku sani rubuta su yana da wuya. A zaman farko za ku iya cin minti ashirin kafin ku samu biyu masu kyau. Ba ɓata lokaci ba ne.

Ga yadda ake gwada tambaya ko ta yi. Wani malami ya juya wa kwalin baya tun kafin a karanta labarin, a yi masa tambayar. In ya iya amsawa bai ji labarin ba, tambayar ta faɗi, domin sanin duniya take aunawa. "Me ake ɗebowa a rijiya?" irin wannan ce. Sannan a duba ko ana iya amsa ta da "e" ko "a'a". In haka ne, a ƙara mata wutsiya: "Me ya nuna maka?" Wannan 'yar tambaya ita ce mafi daraja a duk abin da zan faɗa muku. Kowace amsa yaro ya bayar, daidai ko kuskure, ka ce masa ya zo ya sa yatsa a inda ya samo ta. Yaron da ya ce Talatu tana jin yunwa, in ka ce ya nuna, da kansa zai ga babu. Wanda ya yi dace da ka, zai koyi cewa hujja a rubutu take.

Akwai wata matsala ta Hausa da ya kamata ku sa wa ido. A wannan ɗan labari "ta" ta zo sau da yawa, ga mata uku, ga rana ita ma "ta" ce. Yara da yawa a nan suke ɓacewa. Ku ja layi ƙarƙashin "mata" da "ni" a jimlar ƙarshe ku tambaya: wace ce wannan? Haka kuma rubutunmu ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka "gari" na zama da "gari" na tuwo iri ɗaya suke a takarda. Jimla ce ke raba su, kuma sai an nuna wa yaro yadda ake duba gaba da baya kafin ya yanke.

Iri na uku tambayar ra'ayi ce, ɗaya tak, a ƙarshe: Da ke ce Talatu, za ki bar tulun? Me ya sa? Kada a fara da ita, kuma kada a mai da ita wa'azi. Tambayar "wane darasi muka koya?" yara sun haddace amsarta tun aji ɗaya: mu riƙa taimakon juna, mu riƙa biyayya. Za su ba ka ita ko da labarin kura ne da akuya.

Mataki na shida: ɗaya ya koyar, sauran su zama yara

Minti goma sha biyar. Mai koyarwa ya fara da kalmomi biyu ko uku da za su iya yi wa yara wuya, ya sa a yi hasashen abin da zai faru, sannan ya karanta. Abin da za ku fi gwadawa shi ne tunani a bayyane. Malam ya tsaya a tsakiyar labari ya ce, "To, an kaɗa ƙararrawa, ita kuma ba ta samu ruwa ba. Ina ganin hankalinta ya rabu. Bari in ci gaba in ga ko haka ne." Yara ba su taɓa ganin abin da ke faruwa a kan mai karatu ba sai an nuna musu. Malam ya yi, a yi tare, sannan su yi da kansu.

Masu zama a matsayin yara su kawo irin amsoshin da suke ji a ajinsu da gaske, har da na kuskure da shiru. Da haka mai koyarwa zai saba da jira. Bayan tambaya a ƙirga zuwa biyar a zuci kafin a kira suna. A babban aji a ce kowa ya juya ya faɗa wa na kusa da shi, sannan a zaɓi mutum biyu, ɗaya daga baya, ɗaya yarinya da ba ta ɗaga hannu ba. Amsar baki ɗaya a hana ta a wannan darasi. Bulala kuma a bar ta a ofis, domin yaron da ke tsoron duka ba zai yi hasashe ba.

Mataki na bakwai: ku shiga ajin juna

Gani ya kori ji. A cikin mako malami ɗaya ya zauna a bayan ajin abokinsa minti ashirin. Malaman Japan sun daɗe da wannan al'ada, kuma idonsu a kan yara yake. Ku ma haka. Mai kallo ya rubuta abu uku kawai: tambayoyin da aka yi, waɗanda suka amsa, da abin da suka ce. Ba ya gyara malami a gaban yara, ba ya kai rahoto ofis. Wurin bayani ya faɗi abin da ya gani: "Malama, da kika tambayi me ya sa ta dubi hanya, yara uku na layin gaba ne suka amsa, na baya suna kwafar allo." Wannan ya fi "kin yi ƙoƙari" amfani, kuma ba ya ɓata zumunci.

Mataki na takwas: ku dawo da shaida

Zama na gaba ya buɗe da abin da ya faru. Kowa ya zo da littattafan yara uku: mai ƙarfi, matsakaici da mai rauni. A karanta amsoshin kuskure da kyau, don su ne ke nuna inda tunanin yaro ya kauce. Tambayar da ta yi aiki a rubuta ta a babban littafi guda tare da labarinta, a ajiye a ofis. Zuwa ƙarshen shekara makaranta ta mallaki labarai da tambayoyin da aka gwada a kan yaranta, sabon malami ya zo ya tarar. A ƙarshen kowane zango a maimaita gwajin mataki na uku da sabon labari, a kwatanta da jerin farko.

Dabara ɗaya a mako ta isa. Masu ɗebo biyar a zama ɗaya ba sa aiwatar da ko ɗaya. 'Yan'uwa malamai, kada ku jira takarda daga hukuma ko wata ƙungiya ta kawo kuɗin zama. Ku nemi abokan aiki uku, ku rubuta labari ɗaya da tambayoyi shida, ku zauna a wannan makon.