Darasi: Yadda Za Ka Gwada Ingancin Hoton Kyamara Kafin Ka Saya

Da yawa daga masu ɗaukar hoton biki a Gusau, Tsafe da Bungudu suna sayen kyamara ne don yawan megafiksel kawai. Sai an zo kamu da daddare hoto ya fito dishi-dishi, masu biki su ƙi biya.

Sirrin hoto haske ne. Babbar sensa ta kyamara milimita 36 ce da 24, ta waya kuwa kamar farce take. Shi ya sa Galaxy S20 Ultra mai megafiksel 108 take haɗe ɗigo tara-tara ta fitar da hoto mai 12.

Sai lens, wato gilashin gaba. Lens ɗin 50mm f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na 18-55mm idan an zuƙo shi ya koma f/5.6.

Ga yadda za ka gwada:

1. Ka ɗauki abu ɗaya, daga wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, da ISO iri ɗaya. Abu mai tsage-tsage kamar dutsen Kwatarkwashi ya fi, amma ba ranar hazo ba.

2. Ka maimaita bayan magariba da fuskar mutum.

3. Ka buɗe hotunan a kwamfuta, ka zuƙo zuwa kashi 100, ka duba kusurwoyi, don a nan lens mai rauni yake tona kansa.

4. Kada ka tura ta WhatsApp kai tsaye, yana matse hoto. Yi amfani da kebul.

Idan kuɗinka kaɗan ne, fara canza lens kafin kyamara.