DARASIN WATA: Nisa ta Sama da Nisa ta Ƙasa

Masunci a Madatsar Ruwa ta Goronyo, idan yana son zuwa wancan gaɓa, sai ya shiga kwalekwale ya miƙe. Mai jaki kuwa dole ya zagaye ruwan. Wuri ɗaya za su je, amma tafiyarsu ba ɗaya ba ce. Haka jirgin sama yake da mota.

Tsakanin kowane gari biyu akwai nisa iri biyu. Akwai nisa ta sama, watau miƙaƙƙen layi kamar yadda shamuwa take bi. Akwai kuma nisa ta ƙasa, watau tsawon hanyar mota da duk kwane-kwanenta.

A ɗauki Sakkwato da Kano. Ta sama, nisansu kimanin kilomita 375 ne. Jirgin da ya tashi daga filin jirgi na Sultan Abubakar na Uku zai iya sauka a filin jirgi na Malam Aminu Kano kafin awa ɗaya ta cika. Ta ƙasa kuwa nisan ya haura kilomita 500. Dalili shi ne hanyar ba ta miƙe ba. Sai ta gangara kudu ta Talata Mafara da Gusau da Tsafe, sannan ta karkato ta nufi Kano. Hanya tana bin garuruwa da kasuwanni, tana neman inda aka yi gada. Jirgi ba ruwansa da gada.

Wannan ba zancen masu shiga jirgi kaɗai ba ne. Manomin albasa a Wurno ko Rabah, wanda zai ɗauki hayar mota zuwa Kano, shi ya fi kowa bukatar sanin bambancin. Idan ya auna taswira a miƙe, ya yi lissafin mai a kan kilomita 375, to zai ga kamar direba ya cuce shi. Alhali direba da nisan ƙasa yake ciniki. Ban da haka, sai an ƙara tafiyar da ke tsakanin gona da Sakkwato.

Tsofaffi sun fi sabawa da mil. Mil 5 kilomita 8 ne. Kilomita 375 ke nan wajen mil 233.

A aikin Hajji ne aka fi ganin amfanin jirgi. Daga Sakkwato zuwa Jidda kimanin kilomita 3,700 ne ta sama, tafiyar sa'o'i kaɗan. A zamanin kakanni, alhazai sukan bi ta Chadi da Sudan, su tsallaka Bahar Maliya. Wasu sukan yi shekaru a hanya. Jirgin sama ya fara sauka a Kano ne a 1925.

AIKI A AJI

Malami ya kawo taswirar Nijeriya da zare. Ɗalibi ya miƙa zaren daga Sakkwato zuwa Kano, ya yanke. Ya ɗauki wani zaren ya bi layin hanyar mota a hankali, shi ma ya yanke. A jera su biyun a ƙasa kowa ya gani.

1. Wane zare ne ya fi tsawo?
2. A cire 375 daga 500. Nawa ya rage?
3. Mil 10 kilomita nawa ne?