Darasi Na Bakwai: Daɗin Karatu da Tauraro Mawaƙi a Labaran Soyayya

1.0 Gabatarwa

Ba yau soyayya ta shigo ƙagaggun labaran Hausa ba. Littafin Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin biyar ɗin da suka fito a Zariya bayan gasar 1933, a kan soyayya da ramuwar gayya aka gina shi. A 1980 kamfanin NNPC ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid. Bayan haka aka shiga zamanin Adabin Kasuwar Kano, wanda ya samar da Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991. A shekarun 1990, a unguwanni irin su Tudun Wadar Zariya, littafi guda kan zaga gidaje da dama ta hanyar aro da haya har bangonsa ya yage. Wannan darasi zai duba abin da ke jawo wannan sha'awa, musamman idan tauraron labarin mawaƙi ne.

2.0 Tushen Daɗin Karatu

Abu uku ne ke riƙe mai karatu. Na farko shi ne jan rai: an san masoya za su gamu da cikas, amma ba a san yadda za su kuɓuta ba. Na biyu shi ne ganin kai a cikin tauraro, domin auren dole da kishi da bambancin arziki abubuwa ne da mai karatu ya sani a gidansu ko a maƙwabta. Na uku shi ne salo, wato zaƙin kalaman zance da wasiƙu da baitocin bege da marubuta kan saƙa cikin labari.

3.0 Mawaƙi a Matsayin Tauraro

Mawaƙi ya tara waɗannan abubuwa uku a wuri guda. A al'adar Bahaushe ana jin daɗin waƙa, ana yi wa mawaƙi kyautar girma, amma ana sanya kiɗa da roƙo a ƙasan jerin sana'o'i. Attajirin da zai ba makaɗi doki ba lalle ba ne ya ba shi 'yarsa. Saboda haka, da zarar marubuci ya haɗa mawaƙi da 'yar babban gida, ya riga ya sami rikicin da zai ɗauki labarin. Idan kuwa mace ce mawaƙiyar, rikicin ya ninka, domin za a tilasta mata zaɓi tsakanin muryarta da ɗakin aure.

Akwai makamancin wannan a adabin Amurka. Bulus waƙoƙi ne na koke da baƙaƙen fatar kudancin ƙasar suka ƙirƙiro a ƙarshen ƙarni na 19, jigonsu talauci da rabuwa da kaɗaici. A littafin The Color Purple na Alice Walker, wanda ya fito a 1982, Shug Avery mawaƙiyar bulus ce da jama'a ke zargi da rashin kamun kai, alhali ita ce ta koya wa Celie sanin darajar kanta. Bahaushen da ya saurari Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, yana kaɗa kuntigi yana waƙe halin talaka, ba zai rasa fahimtar irin wannan murya ba.

4.0 Aikin Malami

An daɗe ana muhawara kan waɗannan littattafai. Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu sun yi musayar ra'ayi a jaridu a shekarun 1990, a 2007 kuma aka ƙona wasu littattafan a Kano bisa zargin ɓata tarbiyya. Malamin da ya tarar da ɗaliba tana karatu a ƙarƙashin tebur yana da zaɓi biyu. In ya ƙwace littafin ya tsaya nan, ya hukunta ɗabi'ar da aka ɗauke shi aiki don ya dasa. In kuwa ya karanta, ya tace, ya zaɓi wanda ya dace da shekarun ɗalibai, sai ya mayar da shi kayan koyar da jigo da zubi da salo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

5.0 Auna Fahimta

1. Kawo abubuwa uku da ke riƙe mai karanta labarin soyayya.
2. Me ya sa matsayin mawaƙi a al'umma ke haifar da rikici a labari?
3. Tsara darasin minti 40 a kan wani littafin soyayya da ka tace.